Warƙa Tara a Aljihun Ahmadou

Mahaifina, Malam Abdulkuddus, ya shekara talatin yana ɗinke littattafan mutane a wata rumfa bayan kasuwar Mont-Bouët, amma littafin da ya fi ƙauna a duniya bai taɓa yarda a sa masa allura ba. Na daɗe ina jin haushin wannan taurin kai nasa. Ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido a nan Libreville, in na tuna sai haushin ya ɗan motsa, sannan in yi masa addu'a.

Mutumin Damagaram ne. Ta wajen uba malamai, ta wajen uwa dukawa, shi kuwa ya ɗebo rabi nan rabi can: karatunsa bai kai a kira shi gwani ba, amma hannunsa a kan fata da zare ba a magana. Ya sauka garin nan a 1970 da niyyar ya ɗinka takalma shekara biyu ya koma gida. Damina ce ta canja masa sana'a. Garin nan ruwa ne sama da ƙasa. Littafin da ya shekara arba'in lafiya lau a arewa, in ya ga damina biyu a nan sai bango ya kumbura, gam ya saki, fumfuna ta hau. Wani ɗan kasuwa ya kawo masa nasa da ya rabu gida uku, ya ce tun da yana ɗinka takalmi ya gwada wannan. Daga nan takalma suka koma ƙarƙashin tebur, ba su sake hawowa ba.

Ni ce babbar 'yarsa, Haoua. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". A Nkembo aka haife ni, a lakwal, makarantar boko, na yi karatu, Faransanci ya riga Larabci zama a bakina. Ina 'yar shekara goma ya ba ni wani littafin fiƙihu in manna takardar sunan mai shi a gaba. Na manna a inda na san gaba yake, wato a bayan littafin. Daga ranar ya raɗa mini mai gaida littafi ta ƙeya, bai kuma daina ba har na yi aure.

A wajensa kowane littafi da irin zaman da aka yi shi dominsa. Na lakwal, in ji shi, an yi shi ne don ya mutu ƙarshen shekara: bango mai ƙyalli, hotuna masu launi, amma ko zare ɗaya babu a gadon bayansa, gam ne kawai. Yakan huda irinsu da basilla ya ɗinke, ya sa musu rigar leda, su ga ƙanne uku. Manyan littattafan Larabci bugun Misira da Bairut, masu baƙin bango da ruwan zinariya, su zama suke so a kan kanta, ba yawo ba. Asalin karatun yana tsakiyar shafi cikin ɗan akwati, sharhi ya kewaye shi har bakin takarda. A shekararsa ta farko ya datse gefen irin wannan don ya yi kyau, ya yanke wa wani malami rabin sharhi. Bai ƙara kai wuƙa gefen littafi ba sai ya duba abin da ke wurin.

Akwai kuma 'yan ƙananan waƙoƙin ajami na Kano da Zariya, faɗin tafin hannu, masu ƙarfe biyu a tsakiya. Ƙarfen yakan yi tsatsa ya ci takarda, sai ya zare shi ya maye da zare. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa suna kawo masa littattafan cocinsu, takarda sirara kamar ɓawon albasa, an raba shafi gida biyu, da ɗan ƙyallen sa alama. Yakan wanke hannu kafin ya karɓa, ya ce abin da mutum ke girmamawa ba a karɓarsa da hannun gam. Fasfo ma littafi ne a wajensa. "Ya fi su duka ƙanƙanta," in ji shi, "ya fi su duka iko, kuma shi kaɗai ne ba a kawo mini gyara."

Sai wanda muke kira Rubutun Kaka. Mus'hafi ne cikakke, izu sittin, wanda kakana ya rubuta da hannunsa tun kafin a haifi Baba. Baƙar tawada mai kauri, wasulla ja, da zayyana a farkon kowane izu. Warƙoƙi ne sake, sama da ɗari biyar, babu ɗinki, babu gam, babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da su a jere kalma ɗaya ce: a bayan kowace warƙa, can ƙasa a kusurwa, Kaka ya rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ana haɗa su tsakanin kwalaye biyu masu rigar fata, shi ne tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka, jakar fata mai tauri kamar ɗan akwati.

Da na kai shekara ashirin na sami aiki a wani shagon buga takardu da fotokopi. Muna da inji mai huda takarda a sa mata zoben roba, ni kuwa na ɗauka ba a taɓa ƙirƙiro abin da ya kai shi ba. Na zo wa Baba da shawara.

"Baba, ka ba ni Rubutun Kaka kwana ɗaya. In sa masa lamba da fensir, in huda, in sa zobe. Ko iska ba za ta ɗauki warƙa ɗaya ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, littafin da aka ɗinke na mutum ɗaya ne. Wannan na jama'a ne. In an yi rasuwa mutum ashirin su zauna, kowa a miƙa masa rabonsa, kafin azahar an sauke. In kin sa masa zobe, ɗaya ya karanta, goma sha tara su yi kallo?"

"To ko lambar kaɗai."

"Kakanki ya riga ya sa lamba. Ke ce ba ki iya karanta ta ba."

Haka kuwa ake yi. Suna, rasuwa, rakiyar maniyyata, Rubutun Kaka ya shiga gidajen 'yan Nijar da Kanawa da mutanen Garwa da Marwa, ya kuma dawo cikakke. Baba da hannunsa yake rabawa, da hannunsa yake karɓa, ya bi kalmomin kusurwa ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗaure.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Muka wayi gari kuɗin da ke hannunmu sun koma rabi. Duk abin da jirgi ke kawowa ya ninka, littattafan lakwal a sahun gaba. Iyaye suka zazzago tsofaffi daga ƙarƙashin gado, rumfar Baba ta cika har ba wurin sa ƙafa, mutane suna cewa kakarsa ta yanke saƙa. Ba su san gam da zare da leda duk daga waje suke zuwa ba, kuma Baba ba ya iya kallon uwar yara huɗu ya faɗa mata farashin gaskiya. Aiki ya ninka, tukunya tana nan yadda take. A cikin shekarar nan katin zamansa, kart sejur, ya ƙare. Ya ce sai wata mai zuwa, wata mai zuwa ya kama ya ce sai na gaba.

Kafin shekara ta fita aka yi shela: kowane baƙo ya gyara takardunsa kafin wa'adi, ko ya bar ƙasar. Garin ya canja mana. In taksi ya rage gudu sai kowa ya miƙa wuya ya ga me ke gaba. Rumfuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna sayar da firiji da katifa a bakin titi, jita-jita ta fi shinkafa araha. Kullum da safe mahaifiyata, Inna Saadatou, takan tsaya a ƙofa har Baba ya sha kwana, da yamma ma a nan zai tarar da ita.

Ana saura kwana uku azumi, wata Lahadi da hantsi, dattawan kasuwa suka ce a yi sauka a roƙi Allah sauƙi. A wani ƙaramin masallaci za a yi, cikin lungu bayan kasuwa. Inna ta tare ƙofa.

"Malam, baƙi ashirin a wuri ɗaya a wannan marra, ai kiran mota ne."

"In ba a fito da littafin ranar tsoro ba, don wace rana aka ajiye shi?" in ji Baba. Ya rataya gafaka ya fita.

Mutum ashirin da uku suka zauna, ya bi su ya raba, wani izu biyu, wani uku. An yi nisa da karatu sai wata babbar mota ta tsaya a bakin lungu, wani ya leƙo ta taga ya ce kwantirol, masu kaki sun zo duba takardu. Ba na zargin kowa, ni ma da ina wurin da na ranta a na kare. Waɗanda ke kusa da Baba suka tura masa nasu. Na nesa kuwa suka duba, ba kanta, ba tebur, ga ƙafafu suna gudu a kan tabarma, kuma babu Musulmin da zai ajiye Littafin Allah a inda za a tsallake shi. Don girmamawa suka cusa a aljihu, suka bi ta ƙofar alwala. Masu kakin ma ba su shigo lungun ba. A bakin titi suka tsaya suna tare duk wanda ya fito.

Baba ya dawo gida da izu arba'in da huɗu. Sha shida suna aljihun mutum bakwai. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan gado ya jera abin da ya samu, ya bar fili a duk inda kalmar kusurwa ta kira ba wanda ya amsa. Ni kuwa, da bakina da ba ya jin birki, na ce, "Da ka bari na sa zobe." Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ya tashi zai fita nema, Inna ta ɗauke takalmansa ta kulle a akwati.

"Takardar da za ta hana a ɗauke ka ba ka neme ta ba. Yanzu za ka bi titi neman wata, a haɗa da kai?"

Dole ni ce zan tafi. Ina da takardar haihuwa ta nan, da katin wurin aiki, da Faransancin da ba a bambanta shi da na 'yan ƙasa. Baba ya lissafa mini mutanen bakwai yadda suka zauna a sahu. Ya rubuta mini a takarda, da manyan baƙaƙe, kalmar farko da ta ƙarshe ta kowane giɓi, don ya san rubutun Kaka yana yi mini gardama. Ya ce in yi alwala kafin in fita, in riƙe ƙyalle mai tsabta, kada in ninka ko warƙa ɗaya.

Biyu suka kawo nasu da kansu washegari, suna sunkuyar da kai. Sauran sai da na bi su. A Akébé matar wani tela ta rantse mini ba ta san mai wannan suna ba, alhali ina jin tarinsa a bayan labule. Sai da na faɗi sunan ubana da na kakana kafin hannu ya fito ta gefen labulen da izu uku. Wani a nan Nkembo ya riga ya ɗaure kayan tafiya, ya sa nasa cikin leda a tsakiyar buhu, na tsaya a kansa ya kwance buhun gaba ɗaya yana mita. Na wani kuma gumi ya taɓa su, jan wasali ya ɗan bazu, Baba ya daɗe yana kallon wurin.

Sau ɗaya aka tare taksin da nake ciki. Mai kakin ya juya takardata gaba da baya, ya dubi mayafina, ya tambayi me ke cikin ƙyallen da na rungume. Na ce takardun kakana ne. Ya ɗaga gefe, ya ga rubutun da bai sani ba, ya mayar, ya ce mu wuce. An sauke mutum biyu daga taksin nan.

Azumi ya kama. Duk dawowar da na yi Baba zai karɓa, ya nemi giɓin, ya haɗa kalma da kalma, ya ce saura kaza. Ba ya zuwa rumfa, ba ya cin abin kirki da buɗa-baki. In aka ƙwanƙwasa ƙofa Inna tana tsoron masu kaki ne, shi yana fatan warƙoƙi ne. A kwana na takwas ya ce saura ɗaya.

Wannan ɗayan yana wajen Ahmadou mai agogo, mutumin Tanut, dogo marar magana, wanda ke yawo da agoguna a faranti, ba shi da kowa a garin nan. Karatunsa a hankali yake, shi ya sa Baba ya ba shi izu ɗaya tak, warƙa tara. Shi ne ya fita ta bakin titi ran Lahadin nan. Da ƙyar muka ji cewa yana wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, inda aka tara masu jiran a kwashe su.

Na ce wa Baba a shagonmu zan iya ɗauko izun daga bugun inji in yi fotokopi, in yanka daidai girman warƙar Kaka.

"Bugun inji layinsa daban ne," in ji shi. "Inda shafinsa ya ƙare ba nan na Kaka ya ƙare ba. Kalma za ta kira, baƙo ya amsa."

"To ka rubuta da kanka."

Ya buɗe tafin hannunsa ya duba. "Wannan na allura ne, Uwata."

Da safe ana barin mata su matsa kusa da shingen filin su miƙa abinci. Ƙarafa ne a jere a tsaye, tsakaninsu bai wuce yatsu biyu ba, burodi ma sai an matse shi. Na daɗe ina bin shingen ina tambayar Ahmadou mai agogo, har wani ya je ya kira shi. Ya rame, rigar ran Lahadin ce a jikinsa.

"Ɗiyar Malam, ke ce? Ina Malam, ba a dai taɓa shi ba?"

"Yana gida, Kawu. Warƙoƙin na zo karɓa."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da su naɗe cikin hankici. Ya buɗe na gani, tara cif, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na miƙa yatsu ta tsakanin ƙarfe. Bai miƙo ba.

"Jibi za a sa mu a bato, jirgin ruwa," ya ce. "Ni ban taɓa hawa teku ba. Da zan zo ƙasar nan ta ƙasa na biyo, wata biyu a hanya, kogin kan iyaka ma ido rufe na ƙetare shi. Kin san abin da ke cikin izun da Malam ya miƙo mini? Labarin jirgin Annabi Nuhu. Ba ni na zaɓa ba, shi ya ba ni. Kullum sai na karanta shi sau uku. Ki ce wa Malam ya yi mini rai, ya bar mini su har in taka ƙasa. Zan aiko."

"Ta hannun wa?"

Ya mayar da hankicin ya rufe su.

"Amana ce, Kawu. Ba naka ba ne. Kwana tara Baba ba ya cin abinci saboda su."

"Na sani, ɗiyar Malam."

Na ƙara tura yatsu har ƙarfe ya goge mini fata. Ya ja da baya taku ɗaya, ɗaya tak, yana rungume da hankicin. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babba, da bakin azumi, mata suna kallona. Bai rama ba, bai kuma matso ba. Na koma gida ina kuka, kuma kukan haushi ne.

Na zata Baba zai ce a tura masa liman ko dattawan Nijar. Sai ya tambaye ni, "Ya rame?" Na ce ya rame. "Cikin me ya naɗe su?" Na ce hankici. "Sun jiƙe?" Na ce a'a. Bayan la'asar ya zauna ya bi izu hamsin da tara ɗin warƙa bayan warƙa, ya sa ɗan zare fari a inda giɓin yake, ya rufe tadarishi, ya naɗe, ya zura a gafaka.

Da safe ya miƙo mini ita. "Kai masa."

"In kai masa me?"

"Duka."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Inna ta saki tsintsiyar da ke hannunta. "Malam, gadon 'ya'yanka ne fa."

"Na sani. In na sa aka ƙwato su, na raba mai tsoro da abin da yake riƙe, a bakin ruwa. In na bar masa tara ɗin kaɗai, ba su da riga, kafin ya isa gida sun zama dusa a aljihu, littafin ubana ya zauna da rami har abada. Tun da ɗan ba zai zo ba, sai uwar ta bi shi."

"Mutumin da ko gidansu ba mu sani ba," na ce. "Wallahi ba zan kai ba."

"To, Saadatou, ba ni takalmana."

Ya san abin da yake yi. Na fizgi gafakar na rataya, na yafa zane a kanta. Ina bakin ƙofa ya ce, "Ki faɗa masa magana biyu. Kada ya ɗinke shi. In ya ga taro, ya raba."

A ƙofar filin mai gadi ya ce ba a shiga da jaka, ba a kuma miƙa ta. Na koma bakin shinge, aka kira mini Ahmadou. Da ya hango ni ya tsaya nesa, hannunsa a kan aljihu. Na yaye zanen na nuna masa gafakar, na faɗi saƙon Baba kamar mai karanta takardar kotu. Sai ya matso har goshinsa ya taɓa ƙarfe.

Gafakar ba za ta shiga ba. Na gwada ta tsaye, na gwada ta kwance, ko kusurwarta ba ta wuce ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina shi ke nan, na yi iyakar yi na, zan mayar wa Baba kayansa in ce shinge ya hana. Ina tsaye da wannan tunanin, ina kallon tsakanin ƙarafan nan, sai na ga abin da ba na son gani. Da littafin ɗinkakke ne, da ƙaryata ta zama gaskiya. Wannan kuwa zai wuce, kuma na san Baba zai tambaye ni.

Na durƙusa, na zaro tadarishin, na kwance igiya a kan cinyata. Na fara tura kwalin farko ta gefe, ya wuce. Ahmadou ya zauna ya ɗora shi a kan gwiwa. Sannan na shiga miƙa warƙoƙi, izu bayan izu, yana karɓa da hannu biyu yana kifawa a jere. Iskar teku tana kaɗawa. Wasu daga cikin mutanen filin suka gane abin da ake yi, ba wanda ya ce musu komai, suka zo suka tsaya kewaye da shi suka tare iskar da rigunansu. Wata mata 'yar Mali ta ajiye kwanonta ta buɗe mayafi a bayana.

Da muka iso wurin farin zaren na ce, "Nan ne." Ya fito da hankicin. Ya karanta kalmar kusurwa a fili, ya duba farkon warƙarsa, kalmar ce. Wani dattijo da ke tsaye a kansa ya sunkuya ya duba ya ce haka ne. Ya ajiye tara ɗin, ya karanta kalmar kusurwar ta ƙarshe, na miƙa masa warƙar da ta amsa.

Ba mu kai rabi ba aka busa usur, lokacin mata ya ƙare. Na fara tura izu biyu-biyu, uku-uku, har suna gogar ƙarfe, ina roƙon Allah kada ɗaya ta yage. Mai gadi ya iso kaina ya ce in tashi. Ban ɗago ba, na ce masa da Faransanci minti biyar, littafin kakana ne. Ya tsaya yana kallon hannuna da hannun Ahmadou, sannan ya wuce ya fara korar mata ta ɗaya ƙarshen shingen. Kafin ya zagayo na tura izun ƙarshe, da kwali na biyu, da igiya, da zanen da na rufo gafakar da shi.

Ahmadou ya ɗaure, ya naɗe a zanen, ya rungume a ƙirji. "Ki ce wa Malam," ya ce, sai maganar ta maƙale. Na jira, ba ta fito ba. Na maimaita masa saƙon Baba, ya gyaɗa kai. Ban sake ganinsa ba, ba mu kuma sake jin labarinsa ko na littafin ba.

Na tarar da Baba zaune a tsakar gida, ba takalmi, rana ta take. Na miƙa masa gafakar. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ya saba, hannun ya ɗaga sama don babu nauyi. Ya buɗe murfin ya leƙa, ya dube ni, na faɗa masa yadda aka yi.

"Ya cika?"

"Ya cika, Baba. Da idona na ga kalma ta haɗu."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya ɗora gafakar a kan cinya ya rufe murfin a hankali. Can ya juya ya ce wa Inna ta ba shi ruwa ya sha. Inna ta dube ni, na dube ta, aka rasa wadda za ta tuna masa ana azumi.